Bidiyon da ke Wayar Kawu Kailu

Assalamu alaikum, masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto daga Maraɗi tana cewa in yi kuka ko zan samu sauƙi. Na gode, 'yar'uwa. Ba hana kaina nake yi ba, kukan ne ba ya zuwa. Ina dafa abinci, ina yi wa Huda wanka, in an yi abin dariya in buɗe baki kamar kowa. Iyakarta ke nan.

Ga wanda yau ya fara karantawa: sunana Sa'a. A 220 Logements nake zaune, nan Adjamé, hawa na biyu, ni da 'yata Huda mai shekara uku, da Innata da ta dawo wurinmu. Mijina Sadi, Baban Huda, shi da amininsa Abduljalil suke shigo da shinkafa da tumatirin gwangwani, magazarsu, wato sitonsu, na Treichville kusa da tashar jirgin ruwa. Ranar Alhamis ta ƙarshen Maris, da garin nan ya rikice, aka ce ana fasa magazoji. Ya sha kunu a tsaye ya fita. Ƙarfe goma saura ya turo mini saƙo:

"Na iso lfy. Kar ki fita da Huda. Ki cika jarkoki da ruwa."

Na cika jarkokin. Wata uku ke nan ban sake jin ɗuriyarsa ba.

To, ranar Lahadin da ta wuce Kawu Kailu, yayan Inna, ya hawo benenmu yana haki, da abokinsa Alhaji Gwadabe a bayansa. Tun daga yadda Inna ta shimfiɗa babbar darduma ta ɗauko kofunan tangaran na san an riga an yi magana ba da ni ba. Na ɗauki Huda na kai ta wurin maƙwabciyarmu da 'yar robar alloko, soyayyar ayaba, a hannu, na ce kar a bar ta ta hawo sai na zo da kaina. Duk abin da za a faɗa a falon nan ba na so ya shiga kunnenta ta bakin wani.

Kawu ya miƙo mini wayarsa. "Sa'a, ki yi Bismillah ki duba."

Bidiyo ne, daƙiƙa goma sha tara. Daga sama aka ɗauka. Titi, bangon magaza, mutane na gudu. A gefen kwata mutum ɗaya a kwance, ba ya motsi, sanye da doguwar riga ruwan toka. Shi ke nan. Duk hoton bai fi faɗin akwatin ashana ba.

"Kin gane shi?"

"Na ga riga, Kawu."

"Ba irinta ce a jikinsa ranar ba?"

"Irinta ce. Shadda ruwan toka. Amma Kawu, ranar Juma'a ka tsaya ƙofar masallaci ka ƙirga masu ita."

"A ƙaramin allo ne shi ya sa," in ji shi. "Na san za ki ce haka, shi ya sa na sa aka zuba mini shi a faifai. Ladidi, kunna telen."

Inna ta cire farin mayafin da muke rufe talabijin da shi, ta ninke. Aka sa faifan. Ni kaina na ɗauka in hoton ya girma fuskar za ta fito. Sai ga abu ya ƙara lalacewa. Allon gaba ɗaya ya koma murabba'i-murabba'i kamar an jera dunƙulen magi, masu gudun nan suka zama inuwa tana jan jela, kan mutumin da ke kwance kuwa dunƙule uku ne masu ruwan ƙasa. Ba ido, ba hanci, ba baki.

Alhaji Gwadabe ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Shi ne. Wallahi shi ne. Ga ma tafiyarsa nan."

"Alhaji, a kwance yake," na ce.

"To ai kwanciyar tasa nake nufi."

Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya gyara zama ya faɗi abin da ya kawo su. Sun je wurin liman. Liman ya ce in mutum biyu adalai suka shaida rasuwa, za a yi addu'a da sadaka, kuma takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, wato saura mini wata guda da 'yan kwanaki. In kuwa ba shaida, ni matar wanda ya ɓata ce, zaman jira ne mai tsawo. Sun sa ranar Juma'a.

"Ke ba mai miji ba, ke ba bazawara ba, har yaushe?" in ji Inna, tana kallon darduma ba ni ba. "Shekararki ashirin da huɗu. Ga yaron kirki nan, tun da abin nan ya faru bai bar mu da yunwa ba. Ya yi wa kawunki magana da ladabi, ya ce bayan ƙaramar salla in kin amince."

Abduljalil take nufi. Ba zan ɓoye muku alherinsa ba. Lokacin da buhun shinkafa ya gagari masu kuɗi, shi ya hawo mana da shi a kafaɗarsa. Da Huda ta yi zazzaɓi shi ya nemo magani. Bai taɓa aure ba, bai taɓa wuce bakin ƙofa ba, ko kallona ba ya yi sosai. A yammacin nan ma saƙonsa ya shigo:

"Slm Maman Huda. Na ji Kawu ya zo. Allah ya ba ki haƙuri. Madarar Huda ta ƙare?"

Na karanta na ajiye. Ban ji haushinsa ba, ban ji daɗi ba. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya mini. Kullum in na ɗaure wa Huda gashi sai ta ce, "Mama, Papa yana magaza?" Ni kuma in ce eh. Ranar Juma'a za a so in canza mata amsa. Zan iya gaya wa 'yata ubanta ya rasu, in har ya rasu. Amma ba zan gaya mata haka saboda dunƙule uku masu ruwan ƙasa ba.

Washegari na ce wa Inna zan je kasuwa sayen kifi. Na sa baƙar abaya da ɗankwali ruwan goro, na roƙi Kawu ya tura mini bidiyon ta bulutut, na ɗauki faifan na nufi Roxy, kasuwar wayoyi. Can bayan masu sayar da caja da batir akwai shagon Tanti Hadijatu, wadda ke ɗaukar bidiyon biki a ɓangaren mata. Ita ta ɗauki kamuna. A nan aka haife ta, Hausarta rabi Faransanci ce, bakinta kuma ba linzami.

"Yako, ma sheri, yako," ta ce, yadda ake jaje a nan, tana rungume ni. "Dubi yadda kika koma. Wuyan nan kamar na zabuwa. Zauna."

Na ba ta wayar da faifan, na gaya mata abin da nake so. Na ce ta ƙara masa haske, ta jawo fuskar kusa, yadda nake gani ana yi a fim.

"A fim!" Ta tuntsire da dariya, sai ta tuna abin da ya kawo ni ta kama bakinta. "Bon. Zo ki gani."

Ta jefa faifan gefe, ta ce wannan ma bai cancanci a taɓa shi ba, an ja ƙaramin abu ne an miƙar da shi ƙarfi da yaji. Na wayar ta zuba a kwamfutarta, ta tsayar da hoton, ta yi ta jawo shi har kan mutumin ya cika allo.

"Kowane hoto ɗigo-ɗigo ne aka jera, kamar aikin hular zanna. Kyamarata in ta ɗauka, ɗigo ɗari bakwai da wani abu ne a faɗi. Wannan naki ɗari da saba'in da shida ne, duk titin, da bango, da kwata. Ƙirga mini na fuskar."

Na sa yatsa na ƙirga. "Goma sha biyu."

"To ɗebo wake goma sha biyu ki zana mini mijinki."

Na sauke yatsana daga allon.

"Ba a nan ta tsaya ba," ta ci gaba. "An matse shi. Masu cika wa mutane waya da waƙoƙi, in an kawo musu babban bidiyo, sai su sa shi a injin matsewa don ya shiga ƙaramar waya. Ke kin ɗauka ninke shi ake yi kamar zane a saka a jaka, in an so a warware. A'a. Yanke shi ake yi da almakashi a zubar da ƙyallen. Injin ya dubi wuri ya ce duk nan kala ɗaya ce, sai ya shafe da murabba'i guda. Masu gudun nan kin ga sun fi lalacewa? Abin da ke motsi shi ya fi shan wuya. Abin da aka zubar kuwa, ko Bature da ya ƙera injin ba zai dawo miki da shi ba."

"Ke nan ba yadda za a yi, Tanti."

"Ban ce ba. Na ce daga wannan ba yadda za a yi. Ki nemo uwarsa, na farko, wanda bai shiga injin ba. Wa ya ba kawunki?"

"Abduljalil. Ya ce wani direba ne ya tura masa."

"Direba." Ta murguɗa baki. Ta nuna mini kusurwar allo ta ƙasa, inda wani abu ruwan lemo ya dame kamar an shafa manja. "Kin ga wannan? Kwanan wata ne da agogo. Waya ba ta rubuta wannan. Kyamara ce ta gaske, kuma hannun bai girgiza ba, an dafa ta a kan taga. Irin wadda masu shigo da kaya ke ɗauka da ita in za su buɗe kwantena, don in kaya ya jiƙe ko ya fashe su nuna wa wanda ya aiko. Direban da ke gudun ransa ba shi da lokacin wannan."

Na san kyamarar. Ƙarama ce, ruwan azurfa, da igiyar hannu. Ranar sunan Huda da ita Abduljalil ya yi ta bin maza yana ɗauka. A ofishin magaza take kwana, a bene, inda tagar ke kallon titi.

Kun san abin da na ji? Yunwa. Na tuna ban karya ba. Na sayi ayaba biyu a bakin hanya na ci a tsaye, sannan na shiga woro-woro, tasin haɗaka, mai zuwa Treichville. A kan gada na dubi ruwa, na dubi jiragen da ke jere, na tuna ban sayi kifin da na ce wa Inna ba. Waya ta yi ƙara, Inna ce:

"Kina ina? An kawo farin yadi da gero na sadaka. Huda ta ƙi cin abinci."

Na rubuta: "Ki sa mata suga a kunun, za ta sha."

Rabona da magazar tun ina da cikin Huda. Ƙofar ƙarfen sabuwa ce, bangon da tabon hayaƙi. Leburori na sauke buhuna daga kamiyo, babbar motar kaya, suka buɗa mini hanya. Na tsaya na dubi kwatar. Busasshiya ce, da ledoji a ciki. Na hau benen.

Abduljalil na zaune da farin yadi mai gajeren hannu, biro a bayan kunne. Da ya gan ni ya miƙe har kujerar ta faɗi.

"Maman Huda! Lafiya? Ai da kin kira ni na zo."

"Lafiya lau, Malam Abdul. Kyamara na zo gani."

"Wace kyamara?"

"Wadda ka dafa a tagar can."

Ya dubi tagar, ya dube ni. Ya ɗaga kujerar ya gyara mata zama a hankali kamar ita ce abin da ya fi muhimmanci a ɗakin.

"Wayar Kawu ba ta buɗe babban, shi ya sa na kai aka rage shi," ya ce.

"Na sani. Ina babban?"

"Maman Huda, abin ba daɗin gani. Ki bari a yi addu'ar nan ki huta. Don Allah."

"Ƙaramin ma ba daɗin gani, kuma an sa na kalle shi sau shida. Ka sa mini."

 Ya buɗe durowa da makulli, ya ciro kyamarar, ya zare ɗan katin da ke cikinta ya soka a kwamfutar ofis.  

Jama'a, ashe haka titin yake. Ashe bangon akwai rubutu a jikinsa. Ashe inuwar da ke jan jela mace ce da goyo, takalminta ɗaya a hannu. Agogon kusurwa ya fito tas: sha biyu da minti bakwai. Na ce ya tsayar. Na ce ya jawo kusa, yadda Tanti ta yi. Wannan karon da ya jawo, fuska ta zo.

Dattijo ne. Furfura a gemu, tsage uku-uku a kumatu, bakinsa a ɗan buɗe. Ban taɓa ganinsa ba.

Na sauke ido kan rigar. A bakin aljihun hagu akwai inda ya taɓa yagewa aka ɗinke da zare fari, saboda ranar ba ni da ruwan toka. Ɗinkina ne, na san karkacewar allurata.

"Rigarsa ce," na ce. "Wannan kuma ba shi ba ne. Wane ne?"

Bai dubi allon ba. Bai buƙaci duba ba.

"Baba Kalla ne. Mai gadinmu."

"Mai gadinku. Shekara nawa yana muku gadi?"

"Takwas."

"Me ya kai rigar Baban Huda jikinsa?"

Ya zauna a gefen tebur, ya zare biron daga kunne yana jujjuya shi. Ƙasa ana ta kiran lissafin buhuna.

"Sadi ya ce sai ya koma wurinku. Muka ji an sa shinge kafin gada, ana tare duk wanda aka gani da doguwar riga. Sai ya tuɓe tasa ya ba Baba Kalla, shi kuma ya ba shi tasa. Ai tsohon a ciki zai zauna, ba inda za shi. Wajen sha ɗaya Sadi ya fita. Daga baya da aka fara harbi tsohon ya leƙa zai ja ƙofa."

"A gabanka suka yi musayar?"

"A gabana."

"Ka kai wa Kawu ƙaramin."

"Wata uku, Sa'a." Karon farko ke nan da ya kira sunana. "Mai rai da ya kira. Ko ta wayar aro da ya kira. Ina hawa benenku ina ganin kina bushewa a tsaye, ga yarinya. Ban ce wa Kawu shi ne ba, wallahi ban furta ba. Na ce masa dai ya duba."

Na jira in ji fushi. Na tsaya tsaf ina jiransa, kamar yadda ake jiran ruwa ya zo a famfo. Bai zo ba. Abin da ya zo mini tambayoyi ne.

"Iyalin Baba Kalla sun sani?"

"Suna Tawa. Mun binne shi washegari, na aika musu."

"Allah ya jiƙansa. To Baban Huda, da wace riga ya fita?"

"Shuɗiyar rigar leburori, mai gajeren hannu. Da wandon kaki, ya ɗan yi masa gajere."

Sai a nan na ja kujera na zauna. Tun da hanya ta buɗe a Afrilu nake yawo. Asibitoci biyar, ɗakunan ajiye gawa uku, da wurin masu rubuta sunayen waɗanda suka ɓata. Ko'ina tambayar farko ɗaya ce: me ke jikinsa? Ni kuma in ce shadda ruwan toka, doguwa. Su buɗe littafi su bi da yatsa su ce babu. A wani asibitin ma ma'aikaciyar ta ce akwai waɗanda aka kawo ranar ba takarda a jikinsu, wasu sun warke an wuce da su wani wuri, ko zan duba jerin? Na ce masu doguwar riga kawai za ta karanto mini. Ni da bakina na faɗa.

Na miƙa hannu na zare katin daga kwamfutar. Abduljalil bai hana ni ba. Na ƙulle shi a bakin ɗankwalina, ƙulli biyu.

"Maman Huda, me za ki ce wa Kawu?"

"Zan kai shi wurin Tanti Hadijatu ya gani a babban allo, tun da babba yake so. Geron kuma a yi wa Baba Kalla sadaka da shi."

"Ni fa?"

Na dube shi. Mutumin da ya ɗauko mana shinkafa a kafaɗa ne, kuma shi ne wannan.

"Kai ka san kalar wandon da girman rigar. Ɗauko makullin motarka. Da asibitin farko za mu fara."